Ƙwayar buhun wake ba maganin kuɗin cizo ba ce

Sau uku saƙon nan ya shigo wayata a mako guda: a zauren WhatsApp na danginmu, a na tsofaffin 'yan ajinmu, sannan Gwaggo ta turo mini shi ni kaɗai, haɗe da saƙon murya. "Ɗan nan, duba mini wannan. Yara sun dawo daga makarantar kwana da kuɗin cizo a akwatunansu, kwana biyar ke nan ba mu runtsa ba." Wanda ya rubuta saƙon bai sa sunansa ba, ya dai kira kansa ƙwararre. Ya ce kamfanonin feshi duk macuta ne, ruwa suke tsarma wa magani, don haka a gane na gaskiya da ƙarfin warin maganinsa. Ya ce kamfanin da ya san aikinsa ƙwayar adana hatsi yake sawa, wadda ake jefawa a buhun wake, wasu na ce mata bom. In ma ba a son ɓata kuɗi, a sayi guda biyu a kasuwa, a ajiye ƙarƙashin gado, a rufe ɗakin kwana ɗaya, a koma falo.

Akwai gaskiya a saƙon, kuma ita ta sa ake yarda da sauran. Kuɗin cizo a ƙasashe da yawa ya daina jin irin maganin feshin gwangwani da muke saya a kanti, an daɗe da tabbatar da wannan. Masu tsarma magani ma akwai su. Zancen da saƙon ya yi cewa cizon kuɗin cizo na yaɗa ƙanjamau kuwa ba shi da tushe, har yau ba a tabbatar yana sa wa mutum wata cuta ta hanyar cizo ba. Wari kuma ba ma'aunin inganci ba ne, ko kananzir aka zuba a ruwa zai cika gida da wari.

Maganar ƙwayar ce ta hana ni barci.

Sinadarinta aluminium phosphide ne, an fi saninta da sunan Phostoxin. Ba narkewa take yi ta kashe ƙwaron da ya taɓa ta ba. Da zarar ta haɗu da laimar da ke cikin iska sai ta fara fitar da iskar guba mai suna fosfin, kuma kwanaki take ɗauka tana fitarwa, ba dare ɗaya ba. Ƙwaya mai nauyin giram 3 tana ba da giram 1 na wannan iska. A ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita biyu da rabi, idan a toshe yake, ƙwaya ɗaya tak za ta iya kai gubar ninki kusan 80 na iyakar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa. Mai saƙon cewa ya yi a sa biyu.

Za a ce ai ɗakin a rufe yake. To, an yi ƙwayar ne don ta ratsa tulin hatsi ta iske ƙwaro a cikin ƙwayar wake. Abin da ya ratsa wannan, ƙasan ƙofa da ramin wayar lantarki da tsagar silin ba za su tare shi ba. A tuna yadda gidajen hayarmu suke: ɗakuna a jere, rufi ɗaya, bango bai kai kwano ba. Kai ka kwashe iyalinka, maƙwabcin da bai san komai ba yana can kwance da jaririnsa. Wani lokaci ana jin wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma hanci ba abin dogaro ba ne a nan, balle na mai barci.

Ba hasashe nake yi ba. A watan Fabrairun 2015, a garin Fort McMurray na Kanada, wata uwa ta yi amfani da irin wannan ƙwaya da ta zo da ita daga Pakistan don kashe kuɗin cizo, ta rasa 'ya'yanta biyu, jaririya 'yar wata takwas da yaro ɗan shekara biyu. A Disambar 2021 a Landan, wata mata ta baza ta a gidanta, ta kwashe iyalinta suka fita, kusan yadda saƙon nan ya ce a yi. Yarinya 'yar shekara 11 a wani gida da ke samansu a benen ce ta mutu, kuma a 2024 matar ta amsa laifin kisa ba da gangan ba. Ba muguwa ba ce, ita ma barci take nema wa 'ya'yanta, irin wanda Gwaggo ke nema. An gudu wa gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne alamun farko sun yi kama da na gurɓataccen abinci: amai, ciwon ciki, jiri, ciwon kai. Sai a tsaya ana zargin tuwon dare, a mayar da yaro ya kwanta a inda gubar take, kafin numfashi da zuciya su fara gazawa. Fosfin ba shi da makari. Likita tallafa wa numfashi da zuciya kawai yake yi har jiki ya farfaɗo, in da rabo. Madara da manjan da saƙon ya ce a ɗura wa wanda ya shaƙa ba sa isa huhu, sai dai su shaƙe mai magagi. A fitar da kowa sarari, a tafi asibiti da kwalin maganin a hannu, kuma kada a watsa wa ƙwayar ruwa, ƙara mata ƙarfi yake yi, har wuta tana iya kamawa.

Haushina na kan wanda ya zauna ya tsara wannan, ya rufe da "tura wa mutum goma ka samu lada". Wane lada? Gwaggo dai ba ta da laifi. Duk wanda ya taɓa kwana yana susa, ya ga bayan ɗansa duk borin jini, ya san har ina mutum zai iya kaiwa.

Zaɓen mai feshi kuma ba da hanci ake yinsa ba, da tambaya ake yi. A Najeriya hukumar EHCON ce ke ba kamfanonin feshi lasisi, NAFDAC kuma ke yi wa magunguna rajista, ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma ma za su iya nuna wanda suka sani. A ce ya nuna takardarsa. A ce ya nuna maganin a cikin ainihin robarsa, da suna da lamba, ba haɗin fiya-fiya a gorar ruwa ba. Ko Sniper ma, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, domin na gona ne. Mai aikin gaskiya yakan fara duba ɗinkin katifa da haɗin katakon gado kafin ya yanke kuɗi, ya faɗi awa nawa za a yi a waje, ya kuma sa ranar dawowa bayan kamar mako biyu, saboda ƙwan kuɗin cizo na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10 kuma yawancin feshi ba ya kashe ƙwai. Wanda ya ce sau ɗaya ya gama har abada, cika baki yake yi.

Lasisi ma ba laya ba ne. A 2010 a jihar Utah ta Amurka, ma'aikacin wani kamfanin feshi ne ya zuba wannan sinadari a ramukan ɓeraye dab da wani gida, yara mata biyu 'yan'uwan juna suka mutu, bayan nan ne hukumar kare muhalli ta ƙasar ta haramta amfani da shi a gidajen zama.

Na ce wa Gwaggo ta wanke zannuwa da kayan yaran da ruwa mai zafi sosai, ta bi ɗinkunan da dutsen guga, ta shanya katifu da akwatuna da tsakar rana, kafin mu samo mai feshi. Ku kuma da saƙon ya iso wayoyinku, don Allah kada ku tura shi gaba. Duk mai feshin da ya fito da ƙwayar buhu a cikin gidan da mutane ke kwana, ko da takarda a hannunsa, ku sallame shi tun daga zaure.