Malamar da ke auna hannun ɗan Adam a cikin zafin bazara

A bazarar 2024 ina rangadin allurar rigakafin bisashe a karkara. Tun ƙarfe goma na safe shanu ke haki, tumaki na cusa kai ƙarƙashin juna. Wani dattijo makiyayi ya tambaye ni: "Malam, wannan zafin na kullum ne, ko wani abu ya canza?" Neman amsarsa ya kai ni ga aikin Farfesa Friederike Otto.

An haife ta a 1982 a birnin Kiel na Jamus. Ta karanta kimiyyar fiziks a Potsdam, ta samu digirin dakta a fannin falsafa a Berlin a 2011. Daga nan ta yi aiki a Jami'ar Oxford, kafin ta koma Imperial College ta Landan a 2021. Ita da marigayi Geert Jan van Oldenborgh, ɗan ƙasar Holan, suka kafa ƙungiyar World Weather Attribution.

Ga yadda suke aiki. In bala'in yanayi ya auku, sai su kwatanta duniya biyu a kwamfuta: wadda muke ciki, da wadda ba a cika ta da hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur ba. Bambancin da ya fito shi ne hannun ɗan Adam.

Haka suka yi wa zafin da ya afka wa Sahel cikin azumin 2024. A Kayes ta Mali, ma'auni ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. Binciken ya nuna canjin yanayi ya ƙara kusan digiri 1.5 da rana a Mali da Burkina, da dare kuwa kusan 2.

Wannan na dare shi ya fi damuna. Da dare ne jikin mutum da na dabba ke sauke zafin da ya kwasa. In dare bai yi sanyi ba, saniya tana rage kiwo, nono ya ragu, wani lokaci ta yi ɓari.

Don haka, 'yan'uwa makiyaya, a shayar da safe da maraice, a nemi inuwa da tsakar rana, kada a kora garke cikin garjin rana. Mu ma mun mayar da allura zuwa sassafe. Kuma kada a manta yaron da ke bayan garken: shi ma ya fita da gorar ruwa.