Kafin mu ɗaga ɗan majalisa zuwa Abuja

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, ba a rasa ɗan majalisar jiha da zai ce yana son ya ci gaba. Ga mutumin Matazu, gaban nan ita ce kujerar Majalisar Wakilai ta Musawa da Matazu, ko ta sanatan shiyyar Funtuwa mai ƙananan hukumomi 11. To, da wane mudu za a auna shi?

Abin da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya nema kaɗan ne: ya zama ɗan ƙasa, ya yi karatu zuwa matakin sakandare, jam'iyya ta tsayar da shi. Tun gyaran 2018 shekara 25 ta wadatar ga ɗan Majalisar Wakilai, sanata kuwa 35. Wannan ƙofar shiga ce kawai. Tantance cancanta aikinmu ne.

A teburin mai shayi, idan aka ambaci ɗan majalisa, abin da za ka fara ji shi ne: ya raba babura, ya biya wa yara kuɗin jarrabawa, ba a zuwa gidansa a fito hannu rabbana. Ban raina wannan ba, domin uwar da aka biya wa kuɗin asibiti ta san abin da aka yi mata. Sai dai kyauta shaidar hannu ce, kuma kowane mai kuɗi zai iya yin ta. Aikin da muka tura shi Katsina ya yi daban ne.

Ga yadda yake. Kowace shekara gwamna yana kai kasafin kuɗi gaban majalisa mai mutum 34, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma. Sai a rarraba shi ga kwamitoci, kwamishinoni su zo su kare abin da suka nema. Sashe na 120 ya hana a taɓa asusun jiha sai da amincewar majalisa. A wannan zaman ne hanyar da za ta fitar da masarar manomin Gwarjo zuwa kasuwa take samun shiga ko ta faɗi. Bayan an sa hannu, sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bin sawun kuɗin, har ta kira jami'i ya zo ya yi bayani. Saboda haka tambaya ita ce: aikin da aka rubuta wa Matazu, an yi shi? In ba a yi ba, wa ɗan majalisarmu ya kira? Ya taɓa taka ƙafa ya ga ginin ajin da aka ce an kammala?

Sai tsaro, wanda ya fi komai ci mana tuwo a ƙwarya. Ɗan majalisa ba ya riƙe da bindiga, amma yana riƙe da doka da kuɗi. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a 2023 da kuɗin kasafi take tafiya. Mutumin Sayaya da ya bar gonarsa mai nisa saboda tsoro yana da haƙƙin ya san abin da wakilinsa ya faɗa a zaure game da kayan aikin 'yan rundunar nan da iyalan waɗanda suka rasu.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya zama ɗan amshin shata a cikin mutum 34 ba zai buɗe baki a cikin 360 ba. Kuma kujerar ba ƙarama ba ce: daga mazaɓar Malumfashi da Kafur Aminu Bello Masari ya tafi, ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007.

Ku 'yan jam'iyya, da ku ake fara yanke wannan hukunci a zaɓen fid da gwani. Idan ɗan majalisar ya zo neman goyon baya, ku zaunar da shi a gaban dattawan mazaɓa, ku ce ya lissafa ƙudirorin da ya kai da ayyukan da ya bi sawunsu, sannan ku je ku duba da idonku.