Magungunan Hana Daskarewar Jini: Yadda Suke Aiki da Matsalar Sunansu a Hausa

A bakin jama'a, duk maganin da ke hana jini yin guda akan kira shi “mai tsinka jini”. Wannan suna yana ɓatar da mai sauraro, domin babu ɗaya daga cikin magungunan da ke rage kaurin jini kamar yadda ruwa ke tsinka kunu. Abin da suke yi shi ne katse ɗaya daga cikin matakai biyu na daskarewa, kuma a kan matakan ne aka raba su gida biyu.

Idan jijiya ta sami rauni, ƙananan ƙwayoyin da ake kira filatilet su ne ke fara taruwa, su manne da juna, su toshe kafar. Daga nan sai wasu sinadaran da hanta ke sarrafawa su tayar da juna bi da bi, har su saƙa zaren fibirin wanda ke ɗaure toshiyar. Wannan tsari shi ke tsayar da zubar jini. Amma idan ya auku a cikin jijiyar da ba ta fashe ba, gudan na iya tare hanyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa.

Asfirin yana gida na farko. Yana kashe wani sinadari a cikin filatilet, ta yadda ba za ta iya samar da turombokzen ba, wato abin da take kiran 'yan'uwanta da shi. Da yake filatilet ba ta da cibiyar da za ta sake ƙera abin da aka kashe, tasirin yana zaunawa tsawon rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa miligiram 75 kacal a rana ke wadatarwa. John Vane ne ya bayyana hanyar aikin asfirin a 1971, ya kuma sami kyautar Nobel a 1982. Ana fifita wannan gida a kan gudan da ke faruwa a jijiyoyin da jini ke gudu da ƙarfi, irin mai haddasa bugun zuciya.

Gida na biyu yana hana saƙa zaren ne. Tarihin wafarin abin lura ne: a shekarun 1920 shanu sun riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan cin wata ruɓaɓɓiyar harawa. Binciken Karl Paul Link a Jami'ar Wiskonsin ya gano dalili, aka fitar da wafarin a 1948 a matsayin gubar ɓera, sannan aka amince da shi ga mutane a 1954. Yana hana hanta amfani da bitamin K wajen kammala sinadaran daskarewa huɗu, don haka sai bayan kwanaki yake kamawa. Ganyaye irin alayyafo suna da yalwar bitamin K, kuma sauya yawan cinsu kwatsam na iya rage ƙarfin maganin. Dole ne a riƙa awon jinin majinyaci. Hefarin, wanda ake yi ta allura, yana aiki nan take, sababbin magunguna kuma irin su rivaroxaban suna tare sinadari guda ne kawai.

A nan ne sunan ke zama haɗari. Wanda aka rubuta wa wafarin, ya ɗauka cewa asfirin ɗan'uwansa ne, yana iya musanya su ko ya haɗa su ba da sanin likita ba: musanyar ta bar shi ba isasshiyar kariya, haɗin kuma ya jawo zubar jini a ciki. Fassarar da ta bambanta “mai hana mannewar filatilet” da “mai hana saƙar fibirin” ta fi tsawo, amma ita ce ta dace da takardar magani.