Akwatin Waƙa Ya Shiga Aji

Duk wanda ya san Potiskum ya san ba a raba direban tirela ko ɗan kasuwar shanu da akwatin sauraro. Da can rakoda ce da kaset, yanzu kuwa ɗan ƙaramin akwati ne mai cin katin memori, wanda ya isa ya shiga aljihun riga. To, wannan akwati da ake jin waƙa da tafsiri da shi yana iya yin aikin koyarwa, kuma Potiskum tana cikin garuruwan da suka fi bukatarsa.

Ranar 10 ga Nuwamba, 2014, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya ta da bam a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke garin, ɗalibai fiye da 40 suka rasu, gwamnatin Yobe ta rufe makarantun yankin. A 2020 kuma annobar korona ta sake sa aka rufe makarantu a ƙasar baki ɗaya. Yaro idan ya yi watanni ba ya jin muryar malami, karatun da ya kama sai ya zube.

An gwada maganin wannan a Yola a 2016, inda Jami'ar Amurka ta Nijeriya ta riƙa koyar da yara dubbai karatu da lissafi ta gidan rediyo. Amma shirin rediyo in ya wuce ya wuce. Akwatin memori kuwa yana maimaita darasi sau goma ba gajiya, ba ya bukatar intanet, kuma ana iya cajinsa da hasken rana. Almajirai sun daɗe da gane haka, domin da kaset ɗin alarammomi da yawansu suka gyara tilawa.

Sai dai fa akwati kaɗai ba ya koyarwa. A 2004 Jami'ar Duke ta Amurka ta raba wa sababbin ɗalibanta iPod wajen 1,600. Da shekara ta zagayo sai ta daina rabon kowa da kowa, ta bar shi ga azuzuwan da malamansu suka shirya darasi a kansa. Watau abin da aka zuba a ciki shi ne magana.

A nan ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum take da rawar takawa, domin tana horar da malaman da za su iya ɗaukar darussa da Hausa, da Bolanci, da Ngizimanci, da Karekare.

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, masu aika wa gida waya da akwatin sauti, su ma suna da nasu. Kafin a ba direba saƙo, a nemi malamin yaro ya faɗi darasin da ya dace a zuba a katin.