Yakuwa a cikin gida

Jama'a masu sauraro, darasinmu na yau a kan yakuwa ne, wadda wasu ke kira sure. Gajeren icce ce. Furenta fari-fari ne mai jan tsakiya, kuma yini ɗaya yake yi ya faɗi.

A Ibohamane, cikin ƙasar Keita, ruwan sama kaɗan ne. Yakuwa tana jure fari, kuma ɗan fili a bayan ɗaki ya ishe ta.

Idan damina ta zauna, ku zuba takin awaki. Ku sa ƙwaya 3 a kowane rami, ku bar kamu 2 tsakanin ramu. Bayan mako 3, ku cire raunana, ku bar biyu. Ku yi shingen ƙaya saboda awaki. Kada ruwa ya kwanta a gindinta, saiwar za ta ruɓe.

Mata, a kula da wannan: kada a tsinke ganyen duka don miya. Icce marar ganye ba ya ba da fure mai yawa. A ɗiba kaɗan-kaɗan.

Fure yana fitowa wajen watan Oktoba. Mako 3 bayan ya faɗi, a yanki zoborodo, a shanya. Ƙwayar kuma a yi daddawar batso, a ajiye irin baɗi.

Sai mako mai zuwa.