Ginin Banko: Abin da Sabon Shiga Zai Sani Kafin Ya Taka Laka

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, sai ka ga an fara jibge yashi da bulo a filayen bayan Guéma, a nan Parakou. Amma ba kowa ke da ƙarfin siminti ba. Matashi na da ɗan filinsa, kuɗin haya na cin sa duk wata, sai ya share shekaru yana jiran kuɗin bulo, alhali ƙasar da yake takawa za ta iya ba shi ɗaki.

Banko shi ne a kwaɓa laka, a cura ta, a riƙa ɗora curi bisa curi da hannu har bango ya tashi. Ya bambanta da ginin tubali na Kano da Zariya, inda sai tubalin ya bushe kafin a jera shi. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Wanda ya bi hanyar Djougou zuwa Natitingou ya san ɗakunan ƙauyukan Tanéka, da benayen ƙasa na Tata Somba a Boukoumbé. A 2004 hukumar UNESCO ta sa yankin Koutammakou na Togo cikin kayan tarihin duniya, a 2023 ta haɗa da ɓangaren Benin. Hatta a Ingila, a yankin Devon, akwai irin waɗannan gidaje masu ɗaruruwan shekaru, da mutane a ciki.

To, ta ina za a fara? Ta ƙasar. Ka share ta sama mai baƙi da saiwoyi, wannan ta noma ce. Ta ƙarƙashi, jar nan, ita ake nema. Jiƙa kaɗan ka cura, ka shanya. In ta tsattsage, yumɓu ya yi yawa, ƙara yashi. In ta marmashe a hannu, yashi ya rinjaya, nemo mai danƙo ka gauraya. Daga nan sai a zuba busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana.

Kada ka fara da ɗakin kwana. Fara da akurkin kaji, ko madafi, ko guntuwar katanga. In ta rushe, gumi kawai ka yi asara. In da hali, ka bi wani tsohon magini ka yi masa lebura na rani ɗaya. Abin da hannunka zai koya a wurinsa, bidiyon waya ba zai ba ka ba.

Inda sabon shiga ya fi faɗuwa shi ne gaggawa. Ana ɗora sahu ɗaya ne, kamar kamu ɗaya a tsayi, a bar shi kwanaki ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Wanda ya ɗora jiƙaƙƙe kan jiƙaƙƙe, bangonsa zai yi ciki ya karkace. Gindin ya fi sama kauri. Kuma a gama a rufe kafin ruwan Afrilu, lokacin hunturu shi ne lokacin aiki.

Babban abokin gaban banko ruwa ne, ta ƙasa da ta sama. Saboda haka a yi tushe da dutse ko marmara, ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya. Nan ne ya dace a kashe ɗan kuɗin simintin da ake da shi. Rufin kuma, kwano ne ko ciyawa, ya zarce bango sosai. Wajen yaɓe, magabata na amfani da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. A guji shafe bangon da siminti zalla: yana riƙe danshi a ciki, wata rana ya ɓare. Duk shekara a duba gara da tsaguwa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A cikin gari, kafin a haƙa tushe, a leƙa ofishin magajin gari a ji ƙa'idar izinin gini.

Wasu na ganin gidan ƙasa alamar talauci ce. A bari watan Maris ya zo, a shiga ɗakin bulo da rana tsaka, sannan a shiga na banko, a ji wanda ya fi sanyi.