Gano Matsalar Sansar Kamshaf a Garejojin Birnin Kudu da Gwaram

Daga cikin matsalolin da ke wahalar da kanikawa a Birnin Kudu da Gwaram akwai lalacewar sansar kamshaf, wato na'urar da ke sanar da ƙwaƙwalwar mota matsayin sandar da ke buɗe bawul, domin ta daidaita lokacin feshin fetur da tartsatsin fulogi. Wahalar ita ce matsalar kan zo ta tafi: mota ta mutu a hanya idan inji ya ɗauki zafi, ta tashi lafiya lau bayan ya huce.

Dalili kuwa shi ne zafi kan buɗe tsagar da ke cikin sansar, gargadar hanya kuma ta sassauta soket. Tun daga 1996 motocin kasuwar Amurka ke ɗauke da tsarin OBD-II, wanda kan ajiye lambar P0340 idan saƙon ya yanke. Sai dai lambar tana nuni ne ga layin lantarkin baki ɗaya, ba ga sansar kaɗai ba. Saboda haka ƙwararren bakanike kan motsa wayoyin yayin da inji ke aiki, ya auna wuta tun injin bai huce ba, kafin ya sa direba sayen sabuwa. In ba haka ba, kuɗi ya tafi, ciwo yana nan.